Kyautar da ake biya wata talatin da shida

Bahaushe bai taɓa ruɗewa tsakanin kyauta da gyara da bashi ba. Kyauta ita ce abin da aka ba ka, ka yi godiya, magana ta ƙare. Gyara shi ne ɗan ƙarin da mai tumatir ke ɗora maka a kasuwar Talata Mafara bayan ka biya kuɗinka, kuma kai da shi duk kun san cewa daga cikin ribarsa ya yago. Bashi kuwa ana faɗin adadinsa, a sa ranar biya, a kira shaidu. Kowace kalma da hukuncinta, kowace da irin nauyin da take ɗora wa mutum.

Tallan da ke cewa "yi rajistar intanet da mu, mu ba ka kwamfuta kyauta" ya ɗauki bashi ne ya sa masa rigar kyauta. Ina ganin wannan yaudara ce ko da duk abin da aka rubuta a takardar yarjejeniyar gaskiya ne, kuma ina ganin cutarwarta ta fi tsanani ga mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun fiye da mutanen Legas ko Abuja. Ga dalilaina.

An taɓa gwadawa, an ga ƙarshensa

Dabarar ta kai shekara ashirin da biyar da haihuwa. A watan Fabrairun 1999 wani kamfani a Amurka mai suna Free-PC ya yi shelar zai raba kwamfutocin Compaq guda 10,000 ba tare da karɓar ko sisi ba. Sharaɗin shi ne mai nema ya cika dogon fom game da shekarunsa da samunsa da iyalinsa da abubuwan da yake saye, sannan ya yarda tallace-tallace su zauna a gefen fuskar kwamfutarsa duk lokacin da ya kunna ta. Mutane suka yi rububi. Lissafin bai fita ba, kamfanin eMachines ya haɗiye Free-PC, kuma cikin kusan shekara guda shirin ya mutu.

A wannan shekarar ce manyan masu sayar da intanet, CompuServe da Prodigy da MSN, suka fito da nasu salon. Za a yi maka rangwamen dala 400 a kan sabuwar kwamfuta idan ka sa hannu za ka zauna da su shekara uku, kana biyan kimanin dala 21.95 a wata. Da yake akwai ƙananan kwamfutoci da farashinsu bai wuce dala 400 ba, sai shaguna suka fara rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe. Mai karatu ya buga lissafin da kansa: 21.95 sau 36 ya ba da dala 790 da 'yan kai. Wanda ya fasa kafin wa'adi kuwa sai ya mayar da rangwamen, duka ko wani sashe, wani lokaci har da tara.

A watan Yunin 2000 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sanar da sasantawa da kamfanoni uku, Office Depot da Buy.com da Value America, kan zargin cewa tallansu ya ɓoye ainihin kuɗin da mai saye zai kashe. Daga cikin abubuwan da hukumar ta ce ba a bayyana yadda ya kamata ba akwai wa'adin shekara uku, da tarar fasawa, da cewa wani lokaci allon kwamfutar da aka nuna a hoto ba ya cikin farashin. Akwai kuma wani abu da ya fi shafar mu. A lokacin da layin tarho ake shiga intanet, kuma mutanen wasu yankuna ba su da lambar shiga ta kusa, don haka sai sun biya kuɗin kiran nesa a kan kuɗin wata. An tsara tallan da ɗan birni a rai, ɗan ƙauye ya biya bambancin.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne intanet mai sauri ta fara yaɗuwa a daidai waɗannan shekaru. Wanda ya ɗaure kansa da tsohon layi mai jan ƙafa har zuwa 2002 yana kallon maƙwabcinsa ya koma sabo, shi kuwa takarda ta riƙe shi.

Yadda ya iso mana

A Najeriya ba a saba da dogon kwantiragin waya irin na Turai ba, domin mu mutanen sa kati ne. Amma ginshiƙan wannan ciniki duk sun riga sun iso. Akwai na'urar rarraba intanet da ake sayarwa da alkawarin "data kyauta", wadda ba ta karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da ita, kuma garaɓasar da aka yi alkawari ba ta zuwa sai ka ci gaba da sabunta rajista. Akwai wayar biyan kaɗan-kaɗan, irin ta Easybuy da M-KOPA, wadda ake iya kulle ta daga nesa idan biya ya tsaya. Akwai tsohuwar al'adar cire kuɗin kaya daga albashi ta hannun ƙungiyar ma'aikata. Akwai kuma saƙonnin damfara da ke yawo a WhatsApp cewa gwamnati na raba wa ɗalibai kwamfuta, a danna nan a cika fom. Duk wanda ya haɗa na'ura mai kulle da cirewa daga albashi da kalmar "kyauta", ya samu abin da Amurkawa suka gani a 1999, har da ƙarin makami da su ba su da shi, wato ikon kashe na'urar tana cikin ɗakinka.

Buƙatar kuwa gaskiya ce, kuma ita ce ke sa tarkon ya kama. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da ya gama sakandare a Maradun bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna gefen wanda ya tashi da ita a gida, a ba su lokaci ɗaya. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da na kwalejin aikin gona ta Bakura, kowanne yana da aikin kammala karatu da zai buga. Malamin da ke neman ƙarin girma sai ya rubuta takarda ya tura ta intanet. Uban da ya ga tallan kwamfuta kyauta ya tsaya ya karanta ba kwaɗayi ke damunsa ba, yana neman wa ɗansa mafita ne. Saboda haka laifin da nake gani yana wuyan mai tallan da ya san wannan matsi ya gina ciniki a kansa.

Lissafin da tallan ba ya so ka yi

Hanyar gano farashin kowace "kyauta" guda ce. Ka tara duk abin da za ka biya daga ranar farko zuwa ta ƙarshe. Ka cire abin da da ma za ka kashe a kan data idan kai ke zaɓa wa kanka. Abin da ya rage shi ne kuɗin kwamfutar.

Mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce kwamfutar ana sayar da irinta naira 250,000 a kasuwa. A ce malamin makaranta yana kashe naira 8,000 a wata a kan data, tana kuma isar sa. Aka ce masa ya ɗauki tsarin naira 22,000 a wata na shekara biyu, kwamfuta kyauta. Jimillar abin da zai biya naira 528,000 ce. Da bai shiga ba, da naira 192,000 zai kashe. Bambancin, naira 336,000, shi ne abin da ya biya a kan kayan naira 250,000. Ga kuma ma'aunin da ya fi muhimmanci: mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, don haka naira 22,000 ta kusa kashi ɗaya bisa uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, kowane wata, har wata ashirin da huɗu, da azumi da salla da kuɗin makaranta da kuɗin taki duk a ciki.

Mai talla zai ce ai ya ba shi data mai yawa, ta fi ta naira 8,000 nesa ba kusa ba. Haka ne a takarda. Amma data tana da wa'adi, kuma wadda ba a sha ba kafin wata ya ƙare ba ta zama hatsi a rumbu. An sayar masa da abin da bai nema ba, aka lissafa masa shi a matsayin riba.

Abin da ya bambanta yammacin Zamfara

Kwantiragin wata-wata yana tsaye ne a kan zato uku: akwai sabis, akwai wuta, kuma farashi zai zauna. Duk ukun sun taɓa rushewa a idonmu.

A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, domin yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da zama a rufe bayan haka. Mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. Ba ina tuhumar dalilin wannan mataki ba ne a nan. Tambayata ta ciniki ce: mutumin da ya sa hannu zai biya kuɗin intanet kowane wata, wa zai ɗauki asarar watannin da babu intanet ɗin? Yarjejeniyoyin irin wannan kan ƙunshi sakin layi da ke wanke kamfani daga duk abin da ya fi ƙarfinsa, kamar umarnin hukuma ko tashin hankali. Sai ka nemi sakin layin da ke wanke mai biya idan abin da ya fi ƙarfinsa ya same shi. Idan babu, to an raba hatsarin ne rabon kura da akuya.

Ko ba a rufe sabis da umarni ba, ƙarfen sabis sai da man dizal da injiniyan da zai iya zuwa gyara, kuma hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Maradun da Bakura ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. Kowa a nan ya san dalilin da ya sa muke yawo da layi biyu ko uku: wanda ke ja a cikin gari ba lalle ya ja a Jangebe ko a bakin madatsar Bakolori ba. Wannan 'yancin sauya layi shi ne kaɗai makamin mai saye a kan kamfanin waya, kuma tun 2013 ma aka ba mu damar ƙaura da lambarmu daga wani kamfani zuwa wani. Na'urar da aka kulle a kan layi ɗaya ta ƙwace wannan makamin. Ma'aikacin lafiya ko malamin da aka yi wa canjin wurin aiki zai tafi da kwamfutarsa da bashinsa, sabis ɗin ya tsaya a baya.

Sai wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ya gaji ba ta wuce awa ɗaya ko biyu, kuma babu mai dogara da wutar Kaduna Electric a wannan yanki ya ce zai yi aikin yini. Kuɗin sola ko man janareta ko na mai shagon caji ba ya cikin tallan, amma yana cikin aljihunka.

Sai farashi. A ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kafin nan, a ƙarshen 2024, Starlink ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin a lokacin. Waɗanda abin ya fi tayar wa hankali su ne waɗanda suka riga suka zuba kuɗi a na'urar da ba ta aiki da kowa sai Starlink. Darasin ya shafi kowane kwantiragi: idan takarda ta ɗaure ka shekara biyu amma ta bar wa kamfani damar sauya farashi, to kai kaɗai aka ɗaure.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a koya musu bambancin samun na'ura da iya riƙe ta. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, an tsara ta ne ta shayar da kimanin hekta 23,000 a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma kaso mafi girma an ɗora shi a kan injinan feshin ruwa masu buƙatar wuta da kayan gyara daga waje. Injinan suka tsaya, bututai suka yi tsatsa, ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudana shi ya ci gaba da ciyar da mutane. Ranar da aka kawo kaya kowa na murna, kuɗin gaske kuwa daga washegari yake farawa.

Wace kwamfuta ce ma?

Abin da ake bayarwa kyauta ba a yin ciniki a kansa, kuma abin da ba a yi ciniki a kansa ba, ba a duba shi. Wanda zai sayi kwamfuta da kuɗinsa a Kasuwar Farm Centre ta Kano zai kunna ta, ya duba batir, ya tambayi girman ma'adana, ya tafi shago na gaba ya kwatanta. Wanda aka ba kyauta kunya ma ba za ta bar shi ya tambaya ba. A nan ne ake shigar da kayan da suka kwana a sito. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Irin waɗannan injina su ne suka fi arha ga mai neman abin da zai lanƙaya wa kalmar "kyauta". Kana iya gama biyan bashin shekara biyu a kan na'urar da ta tsufa tun kafin ta zo hannunka, kuma idan ta lalace a wata na biyar, wurin gyaran da garanti ya amince da shi yana Kano ko Abuja, biyan wata kuwa bai tsaya ba.

Akwai kuma abin da kake bayarwa wanda ba kuɗi ba. Free-PC ya nemi bayanan mutane ne a fili. Fom na yau yana neman lambar NIN da BVN da takardar albashi da lambobin masu tsaya maka. Mun ga abin da wasu manhajojin ba da rance suka yi da lambobin da ke cikin wayoyin mutane, suna tura saƙon tozarci ga surukai da abokan aiki, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin abin da za a yi da bayananka, sai dai haƙƙin da ba a tambaya ba, ba ya aiki da kansa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Za a ce mini: malam, kana magana kamar kowa na da naira 250,000 a ajiye. Banki ba ya ba talaka rance, in ba ta wannan hanya ba yaushe ɗan ƙaramin ma'aikaci zai mallaki kwamfuta? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. Sayen kaya a biya a hankali halal ne a hankali, kuma mafi yawan malaman fikihu sun halatta a ƙara farashi saboda jinkirin biya, muddin an tsayar da farashi ɗaya sananne tun wurin ƙulla ciniki. Abin da suka yi gargaɗi a kansa shi ne garari, wato cinikin da mai saye bai san haƙiƙanin abin da ya saya ko abin da zai biya ba, da cusa ciniki biyu cikin ɗaya ta yadda ba a san farashin kowanne ba. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, bai kamata wannan bambanci ya zama baƙo ba.

Don haka ba bashi nake yaƙa ba. Mai sayar da waya da ya ce maka farashin hannu kaza, na biya a hankali kaza, wata kaza, in ka gaza za a kulle, ya faɗa maka gaskiya, ka ɗauka ko ka bari. Wanda nake yaƙa shi ne wanda ya ɓoye farashin kwamfuta a cikin kuɗin data, ya kira ta kyauta, don kada ka iya kwatanta ta da komai. Manomin Bakura da ya karɓi buhun taki a kan zai biya da shinkafa da kaka ya san bashi ya ci, ya san kuma an ƙware shi ko ba a ƙware shi ba. Mai karɓar "kwamfuta kyauta" an hana shi ko wannan sanin.

Wa ya kamata ya motsa

Na farko hukumomi. NCC da FCCPC suna da ikon tilasta cewa duk tallan da ya haɗa na'ura da rajistar intanet ya rubuta jimillar kuɗin da za a biya da baƙaƙe masu girman na kalmar "kyauta", ya raba kuɗin na'ura da na data, kuma a yi shi da Hausa inda da Hausa ake tallan. Ya kamata kuma ya zama ƙa'ida cewa duk watan da sabis ya ɗauke na tsawon kwanaki, ko da umarnin gwamnati ne, biya ya tsaya. Bayan 2021 babu mai iya cewa wannan hasashe ne.

Na biyu shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin ma'aikata da na adashin ofis. Su ne ƙofar da ɗan kasuwa ke bi, domin sa hannunsu ke mayar da talla ya zama cirewa daga albashi, kuma ma'aikaci yana ganin tambarin ƙungiyarsa sai ya daina karatu. Shugaban da zai kawo wa mutanensa irin wannan tsari ya fara bayyana ko akwai la'ada a ciki, nawa ce, wa zai karɓa. Idan ƙungiya tana da ƙarfin tattaro mutum ɗari su ci bashi tare, tana da ƙarfin tattaro su su sayi kwamfuta ɗari a farashin sari, kowa ya sa layin da ke ja a garinsu. Adashi na wata goma zai yi abin da kwantiragin wata ashirin da huɗu ke yi, ba tare da kulle ko tara ba.

Na uku mu da muka yi boko, waɗanda ake kawo wa takarda a gida a ce "duba min". Kafin ƙaninka ko maƙwabcinka ya sa hannu, ka sa a amsa masa waɗannan a rubuce: nawa ne jimillar kuɗin daga farko zuwa ƙarshe, nawa ake sayar da wannan samfurin a kasuwa yau, ta wa ce kwamfutar kafin a gama biya, tana karɓar wani layi, me zai faru idan ya fasa, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko sabis ya ɗauke, ana iya ƙara kuɗin wata a tsakiya, ina ake gyara, wa zai ga bayanansa. Idan kamfanin waya ya saɓa alkawari kuma ya ƙi saurare, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kiranta kyauta ne.

Wakilin da ke da amsa zai bayar cikin minti biyar. Wanda ya fara cewa garaɓasar yau za ta ƙare, a sa hannu tukuna a karanta daga baya, a mayar masa da fom ɗinsa.